Bashin gina gida: ina matsayin mai doguwar jinya?

A daminar 2024 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Nijar. Sama da mutum miliyan ɗaya abin ya shafa, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gidajen laka sun zube a birni da ƙauyuka. Mai ƙarfi ya sake kwaɓa ƙasa ya tada bango. To, kai da ciwon sukari, ko ciwon ƙoda, ko shanyewar ɓarin jiki ya zaunar, kana rayuwa da ɗan kuɗin nakasa, banki zai ba ka bashin gina gida?

Doka ba ta hana ka ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma kafa dokar kare su a Disamban 2019. A 2018 an buɗe bankin gidaje, BHN, a Yamai. Sai dai banki ɗan kasuwa ne. Kafin ya zaro kuɗinsa, yana son ya ga abin da zai riƙe.

Farko yana duban abin da ke shigo maka kowane wata, a rubuce. Idan ka yi aikin albashi, asusun CNSS na biyan fanshon nakasa ga ma'aikacin da likita ya tabbatar ba ya iya samun fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a da. Wannan kuɗi ne mai takarda. Amma manomi da ƴar kasuwa da ba a taɓa yi musu rajista ba, abin da suke samu taimako ne na dangi ko na wata ƙungiya, kuma banki ba ya lissafa taimako.

Mu yi lissafi tare, a matsayin misali. A ce fanshonka jika 40 ne a wata. Bankuna sun saba cire kimanin kashi ɗaya cikin uku kawai, wato jika 13. A shekara 10, wata 120 ke nan, za ka biya miliyan ɗaya da jika 560. Idan ruwan bashin 10 cikin 100 ne a shekara, abin da za a danƙa maka bai cika miliyan ɗaya ba. Ɗaki ne wannan, ba gida ba. Kuma jika 27 da suka rage, su ne hatsi, su ne magani.

Sai takardar fili. A dokar OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, filin da aka yi wa rajista ne kaɗai ake jinginarwa ga banki. Shaidar maigari ko takardar saye daga ma'aikatar magajin gari mafari ne, ba ƙarshe ba. Kai mutumin Jiratawa, ka lura: fadamar noman rani da ONAHA ke kula da ita gwamnati ce ta gina ta. Kome kyan zogalen da kake yanka a can, ba za ka kai wannan fili banki ba.

Inda majinyaci ya fi yin tuntuɓe shi ne inshora. Banki na son idan mai bashi ya rasu, kamfanin inshora ya biya sauran. Kamfanin kuwa zai miƙo maka takardar tambayoyi: wane ciwo gare ka, tun yaushe, wane magani kake sha? Daga nan ko ya ƙara maka kuɗi, ko ya cire ciwonka daga abin da ya ɗauka, ko ya ƙi gaba ɗaya. A nan ne wasu ke cewa ka ɓoye ciwon. Kada ka yarda. Dokar inshora ta ƙasashen CIMA ta soke yarjejeniyar duk wanda ya yi ƙarya da gangan. Ranar da ta Allah ta kasance, kamfanin zai janye, bashin ya hau kan magada, a sa gidan a kasuwa, marayu su koma titi. Na fi tsoron wannan da a ce maka a'a tun a bakin ƙofa.

Mai gudun riba yana iya neman bankin Musulunci, kamar BIN. Tsarin ciniki ya bambanta, amma shi ma zai tambayi albashi da takardar fili. Ƙananan asusun bashi sun fi sauƙin shiga, sai dai da tsada. Ƙa'idar da ƙasashen UEMOA suka soma aiki da ita a 2014 ta ba su damar kai wa 24 cikin 100, kuma bashinsu na ɗan lokaci ne. Ya dace da sana'a mai juyawa, bai dace da bangon da ba ya haihuwar ko dala ba.

A ganina, abin da ya fi taɓa aljihun majinyaci a 2024 ba daga banki ya fito ba. A watan Satumba gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocinta, a Oktoba kuma ta rage farashin siminti da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Wannan ya ƙarfafa hanyar da iyayenmu suka bi: adashi, bulo ɗari yau, kwano biyar bayan girbi, ɗaki ɗaya kafin na biyu. Idan ɗanka mai albashi ne zai ci bashin a kan filinka, ku zauna da sauran magada, a rubuta wa ke da me.

Ka soma da takarda. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, Cofo, tun daga gari har gunduma. Na Jiratawa yana ƙarƙashin Madarunfa, na Tibiri yana ƙarƙashin Gidan Runji. Ka je da shaidunka a rubuta filinka. Idan kuma wata rana aka ajiye maka takardar bashi a gaba, da Faransanci za ka same ta. Ka nemi kwafi, ka kai gida, wani amintacce ya karanta maka layi-layi: nawa ne ruwa, nawa ne inshora, me zai faru in ka kwanta asibiti wata uku. Sai ka ji amsar waɗannan sannan ka dangwala yatsa.