Kasuwancin intanet da ba ya tafiya sai da mai shi ba ya sayuwa

A watan Oktoban 2020, kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas, a kan sama da dala miliyan 200. Stripe ya zuba wannan kuɗi ne saboda ya tarar da dubban 'yan kasuwa masu amfani da manhajar, da lissafi a rubuce, da ma'aikatan da suka san aikinsu.

Ya kamata matasan da ke sayar da atamfa, turare da takalma a Instagram da WhatsApp su yi wa kansu faɗa. Da yawansu suna cin riba, amma duk kasuwancin yana cikin wayar mutum ɗaya. Kuɗin ciniki na shiga asusun da ake cire kuɗin cefane. Ranar da aka sace wayar ko aka rufe shafin, ciniki ya tsaya cak.

Mai son saye zai tambayi ribar kowane wata, kuma zai nemi shaida. Don haka tilas a yi rajista da hukumar CAC, a buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, a riƙa rubuta shige da ficen kuɗi, a adana lambobin kwastomomi a wani wuri daban, sannan a koya wa wani aikin.

Ko wanda ba ya da niyyar sayarwa zai amfana, domin da waɗannan takardu ake neman jari, kuma da su magada za su ci gaba da harkar bayan ransa.