Raddi ga mai cewa ANY ta wadatar

Wani mai koyar da aikin sabar ya tsaya gaban ɗalibai yana cewa wai ɓata lokaci ne a tambayi manhajar dig rikodin A daban, MX daban, TXT daban. A rubuta ANY sau ɗaya, in ji shi, komai ya zubo. Zan yi masa adalci, duk da cewa maganar ta ɓata mini rai matuƙa.

Tushen kuskurensa shi ne ya ga kalmar ANY ya ɗauka tana cika alkawarinta. Gaskiya ne RFC 1035, wadda Paul Mockapetris ya rubuta a 1987, ta ware lamba 255 don neman dukkan rikodi. To, amma na farko, wa kake tambaya? In sabar da ke shiga tsakani ce, tana iya miƙo maka abin da ya rage a ma'ajiyarta kawai. Wani ya nemi A ɗazu, sai ka ga A. MX kuwa shiru. Ɗalibi ya tashi da yaƙinin cewa yankin ba ya karɓar imel, alhali yana karɓa. Wannan koyarwa ce ko ɓatarwa?

Ko sabar mai asalin bayanin ma ba dole ta amsa ba. Maharan intanet sun daɗe suna aika ƙaramar tambayar ANY da adireshin bogi, domin ƙatuwar amsa ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa Cloudflare ta sanar a 2015 cewa za ta daina amsa ta, sannan RFC 8482 ta zo a Janairun 2019 ta halatta a ba da guntuwar amsa, ko rikodin HINFO guda ɗaya. Haba malam! Shekaru nawa ke nan, ba ka ko gwada ba?

Na biyu, ANY suna ɗaya take tambaya. DMARC tana ƙarƙashin _dmarc, DKIM tana ƙarƙashin _domainkey; ƙofofi ne daban, sai ka ƙwanƙwasa kowace da TXT.

Na uku, rikodin PTR na adireshin IPv4 a in-addr.arpa yake zaune, ba a ƙarƙashin sunan da ka tambaya da ANY ba; da dig -x ake nemo shi.

Batun ganin yanki dukkansa kuwa aikin AXFR ne, kuma mai sabar da ya san aikinsa ba ya buɗe wa baƙo ita.