'YA'YAN WA SUKA RAGE A MAKARANTUN GWAMNATI?

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan makarantun gwamnati na nan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni.

Ni manomi ne, da damina ina gona a ƙauyenmu wajen Dawakin Kudu, da rani kuma ina kasa kayan miya a kasuwar Tarauni. Karatuna a firamare ya tsaya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk sa'ad da sakamakon jarrabawa ya fito sai ka ji ana cewa wai yaran makarantar gwamnati daƙiƙai ne, na makarantar kuɗi su ne masu kai.

Jama'a, a tsaya bakin titin Zariya da ƙarfe bakwai na safe a gani. Motoci da adaidaita sahu ne ke wucewa da 'ya'yan ma'aikata da na manyan 'yan kasuwa zuwa makarantun kuɗi. To su wa ke takawa a ƙasa? 'Ya'yan mai gadi, da na mai ga-ruwa, da na ɗan dako, da marayu, da irin namu da muka baro ƙauye muke haya a ɗaki guda. Yarinya sai ta gama tallan koko za ta shiga aji. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, bara na cire ɗana mako uku ya taya ni girbi.

Yaron nan yana aji huɗu, sun haura ɗari a ajinsu, malami ɗaya. Kwanan baya na miƙa masa takardar asibiti ya karanta mini, ya yi ta zare ido. Malamin nasu yana iya ƙoƙarinsa, amma shi ma 'ya'yansa suna makarantar kuɗi, kuma wallahi ban ga laifinsa ba.

Mu a zamaninmu benci ɗaya muka zauna da ɗan dagaci da ɗan hedimasta. In iska ta yaye kwano, dagaci da kansa ke tafiya ƙaramar hukuma. Yau duk wanda ake jin maganarsa a unguwa ba shi da ɗa a ciki, to wa zai yi kukan?

Gwamna Ganduje ya ce ilimi kyauta ne kuma dole a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya kafa dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Mun gode, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina kira ga masu unguwanni da masu hali na Gyaɗi-Gyaɗi, Darmanawa da Unguwa Uku su shiga kwamitocin makarantun nan ko da 'ya'yansu ba sa ciki. Mu kuma 'yan kasuwa, ranar taron iyaye da malamai a bar wa maƙwabci tiren. A taron da aka yi na ƙarshe ban ƙirga iyaye ashirin ba.

Naka,
Manomi ɗan tireda,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.