Ra'ayi: A ba samarin Bande fili da agogo, su bar mana kwalta

Makon jiya wani ɗan uwana da ke zaune a Amurka ya turo mini bidiyon da bai kai minti biyu ba. Na kai shi fadarmu a Bande, waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har shayi ya huce. A ciki yana tuƙa BMW i8 ta wani abokin aikinsa, a wasan da suke kira otokros.

Wasan ba shi da wuyar fahimta. Ana samun faffaɗan filin ajiye motoci a ranar da babu kowa, a jera robobi masu tsini su zama hanya mai kwana-kwana. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, direba da hular kwano, abokin hamayyarsa agogo ne. Wanda ya ture roba ɗaya a ƙara masa daƙiƙa 2. Zagaye guda bai cika wuce minti ɗaya ba.

Ita kuwa motar, abin kallo ce. An ƙera ta a Jamus daga 2014 zuwa 2020, ƙofofinta sama suke buɗewa, kuma da ta fito kuɗinta a Amurka ya haura dala dubu 135, wato sama da miliyan 70 na sefa. Injin fetur mai silinda uku ne ke tura tayoyin baya, na lantarki yana jan na gaba. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa, daƙiƙa 4.4 take yi. Ɗan uwan nawa ya ce da ya taka totur sai ya ji kamar an hankaɗa shi da kujerar gaba ɗaya, domin lantarki ba ya jiran inji ya ɗau zafi. Amma a kwana ta uku ya gane kurensa. Tayoyin gabanta sirara ne, an yi su don tsimin mai, saboda haka da ya shiga da gudu ya murɗa sitiyari sai motar ta ƙi bin umarni, ta miƙe, ta kwashe robobi biyu. Wani dattijo mai tsohuwar Mazda MX-5, wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na BMW ɗin ba, shi ya riga shi da tazara.

A fada an yi ta musun ƙofofi da farashi. Ni dattijon nan ne ya tsaya mini a rai. Ya san inda zai taka birki, ya san inda zai saki, kuma ya koyi haka a wurin da kuskure ba ya cin kowa sai robar da za a ɗaga a mayar.

Mu a ina samarinmu ke koya? A kan titin Damagaram zuwa Magarya, wanda ya ratsa garinmu. Duk wanda ya taɓa rakiyar amarya ya ga abin da nake nufi: babura suna ɗaga tayar gaba, mota tana juyi tana tada ƙura, yara sun yi cincirindo a bakin kwalta, ga amalanken shanu, ga 'yan ruwa-ruwa da kwalaben fetur a jere. Na taɓa ɗaukar wani yaro da babur ya take wa ƙafa a irin wannan rakiya. Mai babur ɗin ba mugu ba ne, maƙwabcinmu ne, yana kuka ya fi yaron.

An yi wa'azi, an yi kame, an ci tara. Da jandarmomi sun juya baya sai a koma. Saurayin da ke son a ga gwanintarsa zai nemi inda za a gan shi, kuma a yanzu titi kaɗai muka bar masa.

Na san me za a ce: a yankin da kowace damina sashen yara na asibitin Magarya ke cika da masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro, wa ke da lokacin wasan mota? Gaskiya ne, shi ya sa ban roƙi ko dala daga baitulmali ba. Abin da ake buƙata fili ne a bayan gari, tsofaffin tayoyi a madadin robobi, igiya ta tsare 'yan kallo nesa, da agogon waya. A fara da babura, tunda su muke da su. Sharaɗin shiga hular kwano da birki mai ci, kuma duk wanda aka kama yana wasa a kwalta ba ya shiga sai bayan wata uku.

Hukumar gari da mai martaba su ke da ikon nuna fili. 'Yan uwa na waje kuma, masu turo mana bidiyon motocin da ko tudun rage gudu na ƙofar tasha ba za su haura ba, ku turo hulunan kwano. Na riga na faɗa wa nawa ɗan uwan, ya ce zai fara da guda goma.