Dariyar da ta rufe bakin Inna

Ina son raha, kada wani ya ce ban san wasa ba. Ranar da abokina ya je biki Kano ya gabatar da tsohon malaminsa da cewa "wanga shi ne mushenmu", aka yi tsit, don a can mushe dabba ce da ta mutu ba yanka, na yi dariya har da hawaye. Haka labarin wanda ya ce wa ɗan Najeriya jika guda zai biya, shi yana nufin sefa 1000, wancan yana lissafin naira 200. Mu in mun ce za mu likita, gidan magani muke nufi, su kuwa sai su tambaye ka wane likitan. Biro a wurinmu wurin aiki ne, a wurinsu abin rubutu. Irin wanga ko kwana za a yi ana zuba shi a fada, ni ne mai ƙara gawayi a shayi.

Amma akwai dariyar da ba ta yi mini ba, kuma yau sai na faɗa.

Watannin baya na raka ƙanwar mahaifiyata wani gidan likita a Yamai. Daga wani ƙauyen Adar ta taho, kwana guda cur a mota. Aka tambaye ta mi ke damunta. Ta ce: "Ɗiyata, zahi ne ka taso mini, shina hawa har ga ƙirji." Ma'aikaciyar ta ƙyalƙyale, ta kira ta kusa da ita, ta ce: "Inna, maimaita mana mu ji." Inna ta maimaita, a zatonta ba a ji ba ne. Da ta gane, sai ta ja mayafi ta rufe baki. Duk tambayar da aka yi mata bayan nan, amsa ɗaya ce: "Lahiya lau." Sai da muka fito ta gaya mini a hankali cewa ta fi wata guda tana ganin jini. Abin da ya kawo ta ke nan, kuma shi ne ba ta faɗa ba.

To ku gaya mini, mi ne abin dariya a "zahi"? Kalma ce da mutanenmu ke kiran wani rukunin ciwo da ita, mai aikin lafiya da ya san aikinsa zai bi ta da tambaya har ya gano inda ta dosa. Wanda ya yi dariya ya rasa mara lafiya, ya rasa bayani.

Na san abin da za ku ce: ai wasa ne, ƙasarmu ƙasar wasan taubasai ce. Gaskiya ne, har UNESCO ta sa wasan nan na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Sai dai wasan taubasai yana da doka. Bafillace ya tsokani Babarbare ko Ba'are, Bagobiri ya tsokani Bazabarme, nan take a rama, kowa ya sha nasa, a tashi ana tafawa. Inna za ta iya ramawa? Tana zaune bisa banci, takardarta na hannun mai dariyar. In ɗaya na riƙe da biki da tambari, ɗaya na riƙe da ciwo, wannan ba taubasantaka ba ce, cin fuska ne.

Haka bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Facebook. Ku lura da kyau: wa ake ba wa "hwara", "tahi", "munka", "shina"? Kullum wawan wasan, mai tsohuwar hula, wanda bai san yadda ake buɗe ƙofar mota ba. Mai wayo kuwa sai a ba shi Hausar rediyo da ɗan faransanci a kai. Yaro ɗan shekara goma a Dogon Dutsi ko Madawa yana kallo, yana koyon cewa bakin uwarsa bakin wawaye ne. Iyayenmu sun ba mu labarin sambol, ƙashin da ake rataya wa ɗan lakwal a wuya in an kama shi yana yaren gida. Bature ya tahi, mu mun karɓi aikin, har muna neman a danna mana alamar so.

Abin da ya fi ba ni haushi, maganganun nan da ake raina masu su, su ne suka fi yi mana aiki a ƙasar nan. Wace takardar bincike ta bayyana rabon dukiyar ƙasa kamar kalmar "wasoso", da ke bakin mutane tun shekarun 1990? Kowa ya taɓa ganin yara sun afka wa abin da aka watsa, ba sai an yi masa bayani ba. A 2009, lokacin da Tanja ya nemi ƙarin wa'adi, masana doka sun yi ta jawabi, amma kalma ɗaya ce ta zagaye ƙasa: tazarce. "Kama mini" ta tona yadda ake ɗora wani bisa kujera ya riƙe wa mai ita. "Ta yi tauri" ta faɗi halin aljihu fiye da kowane jadawali. Ba a biro aka ƙera su ba. Daga tasha suka fito, da kasuwa, da bakin ƴan kabu-kabu.

Mu ƴan ƙungiyoyin farar hula ma kada mu sulale. Sau nawa muka je ƙauye, muka kama makirfo muka ce "mun zo mu sansibilize ku bisa gubernans"? Tsoho ya gyaɗa kai don kunya, mu koma mu rubuta cewa taro ya yi armashi. In shi ya tashi ya yi magana da karin garinsu, sai ka ga matasanmu na taɓa juna suna murmushi. Na gani da idona, kuma wata rana ni ma na yi. Shi ya fahimci matsalar rijiyarsu, mu ko sunanta ba mu iya faɗa da Hausa ba.

A 2025 an rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Amma wace Hausa? In ta littafi ce kawai, wadda aka gina bisa karin Kano, to Ba'adare da Bagobiri da Ba'are da Bakurfaye za su sake zama baƙi a gaban tebur, wannan karon cikin harshensu. A koyar da daidaitacciyar Hausa don rubutu, ban ƙi ba, da ita nake rubuta wannan. Amma duk wanda za a ba aikin karɓar jama'a, a likita ko a mari ko a gidan shari'a, a koya masa sauraren karin yankuna kamar yadda ake koya masa cika takarda. Masu bidiyo kuma, ku gwada sau ɗaya ku ba wa mai wayon wasan Adaranci, mu ga ko dariyar za ta ragu.

Inna dai mun koma da ita wurin wani ma'aikacin, da ƙyar, bayan kwana uku ina lallashi. Sharaɗin da ta kafa mini a bakin ƙofa shi ne: "Kai ka yi magana, ni bakina na ƙauye ne."