Gayyata zuwa izakaya: a ci kifi, a bar sake ga masu shi

Akwai ma'aikatan ƙasarmu da ake turawa Japon ƙaro ilmi, wasu kan aikin gona, wasu kan ruwa ko kiwon lafiya ko koyarwa, galibi ta hannun hukumar JICA. Wasu kuma sukan bi tawaga zuwa taron TICAD, wanda aka fara a Tokyo a shekarar 1993. Duk wanda ya kwana biyu a can, ranar na nan zuwa da abokan aikinsa za su ce masa: yau da dare mu je izakaya. Gayyata ce da ke sa Musulmi cikin tsaka-mai-wuya, kuma ba kasafai ake gaya wa mutum yadda zai yi da ita ba kafin ya hau jirgi.

Izakaya gida ne na ci da sha, sau da yawa ɗan ƙarami, da jar fitilar takarda rataye a ƙofa. Asalinsa kantin sayar da giyar shinkafa ne a zamanin Edo, inda masu saye suka riƙa zama suna sha nan take, har mai kanti ya fara dafa musu abin taɓawa. Sunan ma abin da yake nufi ke nan: kantin giya da ake zama. Kada mu ɓoye wa juna gaskiya, gidan giya ne. Amma kuma nan ne ma'aikacin Japon ke sassauta ɗamara bayan aiki. Mutumin da ya wuni a ofis bai ce maka uffan ba, a nan zai gaya maka abin da ke ransa game da aikin da ya haɗa ku. Baƙon da ya ƙi zuwa ya yi asarar rabin abin da aka tura shi ya jiyo.

Ra'ayinmu shi ne: a amsa gayyata, a ci kifi, a ƙi giya, kuma a faɗi haka tun kafin a zauna, ba cikin kunya ba, ba kuma cikin gatsali ba.

Giyar da suke alfahari da ita sunanta sake. Bahaushe na jin sunan zai yi murmushi, domin a harshenmu ma wanda ya yi sake ya ga ba daidai ba. Ba lalle mutum ya sha ba kafin ya san abin da ake magana a kai, kuma sanin yana da amfani a wurin hira. Da shinkafa ake yin ta, da ruwa, da yisti, da wata irin hunhuna da ake kiwo da gangan, ana ce mata koji. Ita ce ke mai da garin shinkafa sukari, aikin da tsiron hatsi ke yi wa masu burkutu. Kafin a turara shinkafar sai an goge bayan kowace ƙwaya. In abin da ya rage bai wuce kashi 60 cikin 100 ba, ana kiran giyar ginjo. In bai wuce rabi ba, daiginjo. Ku duba fa, rabin tsaba ta tafi a dusa saboda neman ɗanɗano! Manomin shinkafa na bakin kogin Isa zai riƙe baki, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Ƙarfin barasar da ke ciki yakan kai kashi 15 ko 16 cikin 100, wato ya fi na giyar inabi. Sanyinta a baki kada ya ruɗi kowa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne masu yin ta. A al'ada, lokacin sanyi ake aikin, kuma manoma ne ke barin ƙauyukansu in ƙanƙara ta rufe gonaki, su je su yi watanni a gidan da ake dafawa, ƙarƙashin wani shugaban sana'a da ake kira toji. Cin rani ne sak, sai dai nasu cin sanyi ne. Shan sake a Japon ya kai ƙololuwa a 1973, daga nan ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na wancan lokaci, gidaje da dama suka rufe. Ƙananan da suka tsira, a Niigata da sauran jihohi, ba da araha suka tsira ba. Sun riƙe ruwan garinsu, da irin shinkafarsu, da sunansu a jikin kwalba. Wannan ita ce jizake, giyar gari, wadda mai gayyatarka zai nuna maka yana washe baki. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a ta koji cikin jerin al'adun gado na duniya. In ka yaba wa sana'ar, ka tambayi daga wane gari kwalbar ta fito, ka biya mai masaukinka haƙƙinsa ko da ba ka ɗanɗana ba.

Ƙin shan kuwa ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Cikin mutanen Japon kansu akwai da yawa da jikinsu ba ya ɗaukar barasa, kurɓi ɗaya fuska ta yi ja, har suna da kalma ta musamman ga wanda ba ya sha, geko. Akwai shayi mai sanyi da lemo a kowane izakaya, kuma da su ma ana ɗaga kofi in aka ce kanpai. Al'adarsu ce mutum ba ya zuba wa kansa, maƙwabcinsa ke zuba masa. Shi ya sa wanda ya yi nauyin baki da farko zai ga an cika masa ƙoƙo, daga nan kunya ta ja shi inda bai yi niyya ba. Wannan ita ce matsalar da muka fi tsoro ga ma'aikatanmu. Ƙasa ba ta tura kowa ya sayar da addininsa don kada a ce masa baƙauye ba.

Mun san akwai malamai da za su ce zaman ma bai halatta ba, domin hadisi ya hana mumini zama a inda ake zagayawa da giya. Magana ce mai nauyi, kuma wanda ya tsaya a kanta ba abin zargi ba ne. Abin da muke roƙonsa kaɗai shi ne ya faɗa da wuri, cikin ladabi, ya nemi a ci abincin rana tare a madadin haka. Ƙin zuwa ba tare da bayani ba shi ne ke ɓata zumunci.

Sai batun kifi, kuma a nan Bamalike ya samu sauƙi, domin mazhabarmu ta halatta duk abin da ke rayuwa cikin teku. Za a kawo sashimi, wato ɗanyen kifi yankakke, a tsoma cikin miyar waken soya da ɗan wasabi mai hawa hanci kamar an shaƙi toka. Wanda ya saba da soyayyen kifin Yamai ko bandar tafkin Cadi zai ja da baya. To, ya sani kifin teku ne, an tsiyaye jininsa, an riƙe shi cikin ƙanƙara tun daga jirgi har zuwa wuƙa. Kada wani ya dawo gida ya gwada da tarwaɗar tabki. Mutanen Japon ma suna gudun ɗanyen kifin ruwan daɗi saboda tsutsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi gasasshe: hokke da ake shanyawa a Hokkaido, ko sanma a lokacin kaka, da gishiri kawai. Akwai kuma tako, wata dabbar teku mai hannuwa 8, wadda mai yiwuwa daga Afirka ta zo, domin Muritaniya da Maroko na cikin manyan masu sayar wa Japon ita.

Inda ake zamewa shi ne a tukunya. Suna dafuwa da sake, da kuma wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake kira mirin, mai barasa kusan kashi 14 cikin 100. Duk abin da sunansa ya ƙare da sakamushi, a cikin sake aka turara shi. Kifin da ya zo yana sheƙi cikin baƙar miya mai zaƙi, galibi da mirin a ciki. Naman alade kuma yana shiga wurare da ba a zata ba, har cikin miya da tsire. A koyi kalma guda, shioyaki, gashin gishiri. Kuma in an ajiye maka ɗan kwano tun ba ka nemi kome ba, sunansa otoshi, kuɗin zama ne da za a sa a lissafi. Shi ma a tambayi abin da ke ciki kafin a kai baki.