Hira a Zaure: Aikin Mai Tsayawa a Bakin Hanya

A wannan wata za mu ba ku labarin wata doguwar tafiya da muka yi domin mu tsaya a bakin hanya, muna kiran sunan mutum ɗaya tun daga asuba har dare.

Muna da wani aboki tun muna makarantar kwana, wanda aiki ya kai shi Afirka ta Kudu tare da iyalinsa. Bayan ya haura shekara 40 sai ya aiko mana cewa ya sa sunansa a gasar da ake kira Ironman, wato mutumin ƙarfe, yana roƙo mu zo mu tsaya masa. Muka yi dariya, muka ce tsufa ne ya zo masa da gardama. Amma tun da zumunci a ƙafa yake, sai muka shirya muka tafi.

Ga yadda gasar take. Wasanni uku ne a jere cikin yini ɗaya, ba hutu a tsakani. Da fari mutum zai yi iyo na kilomita 3.8. Da fitowarsa daga ruwa sai ya hau keke ya yi kilomita 180, wato fiye da tafiyar Kano zuwa Zariya. Da ya sauka kuma sai ya kama gudu na kilomita 42.2. A yawancin wurare awa 17 ake ba mutum, wanda ya wuce haka ba a lissafta shi cikin waɗanda suka gama.

Gardama ce ta haifi abin. A jihar Hawai ta Amurka 'yan wasa suka yi ta musu a kan wa ya fi juriya, mai iyo, ko mai keke, ko mai gudu. Sai wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy suka ce a haɗa ukun a gani. A watan Fabrairu na 1978 mutum 15 suka shiga, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. A ranar kowa da mutanensa masu bin sa da abinci da ruwa. Wanda yake kan gaba, John Dunbar, ruwa ya ƙare wa mutanensa, suka riƙa miƙa masa giya, a ƙarshe ya zo na biyu. Ashe ba kowane taimakon aboki ne yake taimako ba.

Yanzu doka ta hana wannan. Masu shirya gasa su ne suke kafa rumfunan ruwa da abinci a hanya. Ɗan kallo ba shi da izinin miƙa wa ɗan wasa kome, ko ya gyara masa keke, ko ya yi gudu tare da shi, gama yin haka zai iya sa a fitar da shi. Da muka ji wannan sai muka tambayi abokinmu, "To, Malam, mene ne amfanin zuwanmu?" Ya ce, "Abu biyu nake roƙo. Ku tsaya inda zan gan ku. Sa'an nan kada ku ce mini saura kaɗan in ba kaɗan ba ne." Uwargidansa kuwa ta kafa nata sharaɗi, cewa in ta ga ya fara magana a ruɗe, ko ya kāsa gane ta, za ta kira ma'aikatan lafiya ko yana so ko ba ya so. Ya yarda.

Gasar a birnin Port Elizabeth ake yin ta, wanda tun 2021 ake kira Gqeberha, a bakin tekun Indiya. Gari na wayewa suka faɗa ruwa, dukansu da huluna iri ɗaya, har ba mu iya gane namu ba. Muka tsaya a kan yashi muna ƙidayar mintoci. Bayan awa 1 da minti 40 ya fito yana tangaɗi, muka yi ta ihu, ya ɗaga hannu ya wuce. Keken ya ci masa kusan awa 8, gama birnin ya yi suna wajen iska, ranar kuwa ta taso musu ta gaba. A cikin awoyin nan duka ganin da muka yi masa bai fi na ƙiftawar ido ba. Nan muka gane cewa yawancin aikin mai tsayawa a bakin hanya jira ne.

Gudun kuwa a hanyar bakin teku ake yi, ana kai da komowa, saboda haka muka riƙa ganinsa sau da sau. Da la'asar hanya cike take da jama'a, ana kiɗa ana tafi. Da duhu ya yi, gwanaye sun gama tuntuni, mutane suka fara watsewa. Sai muka bar wurin taron muka koma can ƙarshen hanya, inda ba kowa sai fitilu jefi-jefi. Mun yi tunani cewa inda ake tafi ba ya bukatarmu.

A nan ya iske mu wajen ƙarfe 8 da minti 20 na dare, ya yi kilomita 28. Masana sun ce ƙarfin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta yana da iyaka, in ya ƙare kuwa, ciki ma ya ƙi karɓar abinci, ƙafa takan yi nauyi, zuciya kuma ta karai. Haka ya faru da shi. Ya zauna a gefen hanya ya ce, "Yaya, na gama. Ku kai ni gida."

Uwargida tana riƙe da gorar ruwa, hannunta yana rawa, har ta fara miƙawa, sa'an nan ta mai da ita cikin jaka. Ta durƙusa ta dube shi ta ce, "Maigida, ka san ni?" Ya ce, "Haba Maman yara, ke ce zan manta?" Ta tambaye shi ko ƙirjinsa yana ciwo, ko yana jin jiri, ya ce gajiya ce kawai. Mu kuwa bakinmu ya yi ta ƙaiƙayi mu ce saura kaɗan, amma muka tuna da alkawari. Muka ce, "Malam, saura kilomita 14, ba kaɗan ba ne. Kana da awa 3 da minti 20. Ko da tafiya ce kake yi za ka kai. Ga fitilar rumfar ruwa can gaba. In ka isa ka ga ba za ka iya ba, babu kunya, za mu zo mu ɗauke ka. In kuwa ka wuce, za ka same mu a nan in ka komo."

Ya yi shiru, sa'an nan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kama tafiya. Da ya komo ya same mu a inda ya bar mu. Ya shiga ƙofar gamawa wajen ƙarfe 11 saura, bayan awa 16 da 'yan mintoci. Kashegari ya gaya mana cewa abin da ya komo da shi shi ne sanin cewa akwai mutane tsaye cikin sanyi suna jiransa.

Wanda ya taɓa zuwa gayya ya san makaɗin noma ba ya riƙe fartanya, duk da haka in ya yi shiru kunya takan yi tsawo. Ko a gidajenmu akwai masu irin wannan doguwar tafiya: yaron da zai sāke rubuta jarrabawa, da majinyacin da ya daɗe a kwance, da gwauruwar da take renon marayu. Akwai kayan da ba mai iya ɗaukar musu. A makon farko gida yakan cika da masu sannu, a wata na shida kuwa sai a nemi kowa a rasa. Bari mu riƙa zuwa a lokacin nan, mu faɗa musu gaskiya da taushin murya, mu kuma bari su same mu a inda muka ce za su same mu.

Wa kuka sani da yake a kilomita na 28 a wannan wata? Ku leƙa shi kafin mako ya ƙare.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.